Fiffiken Motar Hilmi

Talata, 4 ga Nuwamba, bayan azahar

Yau mai raba saƙo ya kawo wani dogon kwali da sunan ɗana Zulhilmi a jiki. Da ya jingine shi a bakin ƙofa sai da gabana ya faɗi, don tsayinsa tsayin mutum ne. Na daɗe a tsaye ina kallonsa kafin na ja shi ciki.

Na ƙwanƙwasa ɗakin Hilmi na gaya masa. Ya ce, "Ki ajiye, Mak," wato Mama. Ita ce maganarsa ta yau gaba ɗaya.

Na yanke kwalin da almakashin ɗinkina. Fiffike ne, irin wanda samari ke ɗaurawa a bayan mota, ruwan toka, launin motarsa ƙirar Saga sak, an naɗe shi cikin soso kamar jinjiri. Sai na tuna. Ya taɓa nuna min hotonsa a waya muna cin soyayyar ayaba a kicin, yana ta jaddada min na kamfani ne, ba jabun kasuwa ba. Na tambaye shi ko tashi sama motar za ta yi. Ya ce wanda ke jan doguwar bas cike da mutane daga Ipoh zuwa Johor kowane mako, ai ya cancanci 'yar motarsa ta yi kyau. Wannan kafin abin ne.

Na tura kwalin bayan keken ɗinki.

Laraba, da yamma

Ya sha shayin. Shinkafar ta dawo yadda na kai ta.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, da hantsi

Hajiya Zaiton ta zo gwajin rigar bikin 'yarta, amma idonta bai bar ƙofar ɗakinsa ba. Ina durƙushe ina kama mata ƙasan riga ta ce, a hankali kamar mai jaje, wai mutane na cewa birki ne ya jawo hatsarin bas ɗin, wasu kuma na cewa barci ne, ita dai ba ta yarda da na biyun ba. Allurai ne a bakina, na gode Allah da su. Na ce ta ɗaga hannu in ga hammata.

Lauya ya kira. Za a shiga kotu ranar ashirin da shida ga wata. Ya ce a samo masa farar riga mai dogon hannu, kada ya yi magana da kowa kafin nan. Na kusa ce masa wannan umarnin an riga an cika shi.

Asabar, bayan la'asar

'Yata Dalila ta zo daga Penang, ta bar yaran wurin uwar mijinta. Ta tsaya a ƙofar yayanta tana ba shi labarin yadda ƙaramar ta cusa gyaɗa a hanci. Ya saurare ta har ƙarshe, na ji shi, sannan ya ce ta koma wurin 'ya'yanta kafin ruwa ya sauko.

A kicin ta kwashe magungunansa daga saman firji ta kai ɗakina, ta ce in riƙa ba shi da hannuna. Makullin motar ma ta sa a aljihun rigar sallata. Ba ta faɗi dalili ba, ban tambaya ba.

Da ta ga kwalin ta ce a mayar musu, ko ma a sayar da motar baki ɗaya, tunda tana nan lulluɓe a rumfa tun ranar da ta ɗauko ta daga tashar bas. Na ce ba za a sayar da komai nasa ba yana raye a gidan nan. Maganar ta fito da ƙarfi fiye da yadda na so. Dukkanmu muka kalli ƙofarsa. Daga baya ta zo ta bayana ina wanke tukunya ta kwantar da kanta a wuyana, kamar tana 'yar firamare.

Lahadi, da safe

Ya ci rabin gurasar roti. Na canja masa bandejin hannu. Bai kalli hannun ba, ni ma ban kalli fuskarsa ba.

Litinin, 10 ga Nuwamba, da hantsi

Akwai wata doguwar takarda a cikin kwalin, da layi a tsakiya da 'yan da'irori huɗu. Na shimfiɗa ta a teburin yanka, sai na ga ai wannan sanina ce. Takardar yankan riga ce, sai dai ta mota. A ɗora, a daidaita tsakiya, a sa alama, a huda.

Na kai wa maƙwabcinmu Kawu Teoh ta kan katanga. Shekaru da yawa ya yi yana gyaran mota a Kamunting kafin hannunsa ya fara rawa. Ya sa tabarau, ya riƙe takardar tana kaɗawa kamar tuta, ya ce huji huɗu ne a murfin but, da noti huɗu daga ciki, aikin rabin yini. Sannan ya leƙo ni ta saman tabarau ya tambayi wa zai yi. Na ce ni. Ya kira ni yadda ya saba, Kak Yah, wato Yaya Yah.

"Kak Yah, ƙarfe ba yadi ba ne. In kin huda a karkace babu zaren da zai ɗinke."

Na ce masa na sa almakashi a siliki na amare wanda uwayensu ke tsaye a kaina suna numfashi, ƙarfe ba zai fi su ban tsoro ba. Ya yi dariya har da tari, ya shiga ya fito min da injin huji a tsohuwar jakar shinkafa. Bai tambayi Hilmi ba. Kullum ba ya tambaya, sai dai in tarar da gwanda a kan katanga.

Ban san abin da ya sa nake son yin wannan aiki ba.

Na sani. Tagar ɗakinsa rumfar mota take kallo.

Talata, bayan azahar

Na yaye ledar da ke kan motar, na wanke ta da sabulun kwanuka. Kawu Teoh ya hango ya ce haram, wannan sabulun yana cin fenti, ya miƙo nasa.

A ciki na tarar da silifas ɗinsa na direba a ƙasan kujera, da robar abincin da na ba shi ranar da ya tafi. Ya cinye shinkafar, ya bar ƙwai, yadda ya saba barinsa don daga baya. Na zauna a kujerar gefe da robar a cinyata har ruwan bokitin ya daina kumfa.

Labulen tagarsa ya motsa sau ɗaya. Wataƙila fanka ce.

Laraba

Ruwa tun asuba. Garinmu Taiping ke nan.

Alhamis, 13 ga Nuwamba, da yamma

Na bi murfin but ɗin da farin salatif na takarda, yadda Kawu Teoh ya ce, don kada bakin injin ya zame ya kankare fenti. Na auna daga gefe zuwa gefe da tef ɗina, na raba biyu, na sa alli. Na sake aunawa daga fitilun baya. Na ɗora takardar, na ɗiga alama huɗu. Ina yi ina magana da ƙarfi, wai da kaina nake, ina faɗin inci nawa ne nan, ko dai na yi kuskure can. Ko makaho ya san da wa nake.

Ya ci kifi kaɗan da rana.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na yi wauta yau.

Kawu Teoh ya ce in fara koyo a jikin gwangwanin biskit kafin in taɓa motar. Da maza suka tafi masallaci na kafa gwangwanin a rumfa, na taka shi da ƙafa, na danna injin. Ban taɓa tunanin irin kukan da ƙarfe ke yi ba in ana keta shi. Ban yi tunani ba sam. Kafin in saki maɓallin na ji wani abu ya faɗi a ɗakinsa.

Ƙofar ba a kulle take ba. Na same shi a ƙasa, tsakanin gado da bango, ya toshe kunnuwansa da hannu biyu har da mai ciwon, bandejin ya jiƙe ja. Yana faɗin wani abu a hankali, yana maimaitawa, kamar mai kiran lambobin kujeru. Na zauna a ƙasa na jawo kansa. Wannan ƙaton mutum, mai gemu, jikinsa na karkarwa kamar ɗan tsakon da ruwa ya doka. Na ce ni ce, gwangwani ne kawai, na daina, na daina.

Da ya dawo hayyacinsa ya ce, "Mak, haka ta yi. Haka ta yi ta yi, ba ta tsaya ba."

Na san ƙarar bas ɗin yake nufi.

Na mayar wa Kawu Teoh injinsa. Ya karɓa, shi ma ya ji ta katanga.

Asabar, da safe

Bai ci ba.

Lahadi, da safe

Bai ci ba. Ya karɓi maganin. Allah, kai ka ba ni shi.

Talata, 18 ga Nuwamba, bayan azahar

Salatif ɗin da ke kan motar ya fara ɗagowa saboda laima. Na wuce ta gefensa sau da yawa ban cire ba, ban gyara ba. Na gama rigar Hajiya Zaiton, na aika mata da ita don kada ta zo. Na yanka masa farar rigar da lauya ya ce. Ban auna shi ba, na rage daga tsohon awonsa da ido, kuma na san ko hakan za ta yi masa yawa.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, da yamma

Wata mata ta zo yau. Ina shara na gan ta tsaye a bakin get da lema, Ba'indiya, za ta girme ni kaɗan, cikin farin zanen sari, babu ɗigo a goshinta, shigar wadda mijinta ya rasu. Ta tambaya ko nan ne gidan direban. Ba ta ce wane direba ba.

Sunanta Vasugi, daga Sungai Siput. Ta ce mijinta kujerar gaba yake so kullum, don ya miƙe ƙafarsa mai ciwo, kuma ya sami wanda zai dama da surutu. Jikarsu zai je gani a Johor. Na tsaya riƙe da tsintsiya, na rasa ko in buɗe get ɗin ko in tare shi da jikina. Na ce mata yaron ba shi da lafiya, kuma lauya ya hana shi magana.

Ta ce, "Ban zo faɗa ba, 'yar'uwa. Ban kuma zo yafiya ba, ban kai can ba tukuna. An ce min ɗanki ne ya zauna da shi a bakin hanya har motar asibiti ta zo. So nake in ji ko ya ce wani abu."

Ina neman yadda zan sallame ta cikin mutunci sai na ji an buɗe ƙofa a bayana. Hilmi ne, da zani da tsohuwar singileti, yana kare ido daga haske. Ya ce in bar ta ta shigo.

Na haɗa musu shayi a kicin, na fito rumfa na zauna a kan bokiti kusa da motar, don maganar ba tawa ba ce. Muryarsa nake ji ƙasa ƙasa, tana tsayawa, tana ci gaba. Ya yi magana fiye da duk wadda ya yi tun da ya dawo gida. Can na ji matar ta yi wata gajeriyar dariya mai haɗe da kuka, tana cewa shi ke nan halin mijinta, ko a wannan hali sai ya yi ƙorafin takalminsa.

Da za ta tafi Hilmi ya rako ta har get, ƙafa ba takalmi. Bai iya kallonta ba. Ita ta kalle shi sosai, ta ce ya rame, ya riƙa cin abinci, don ranar kotu tana so ya tsaya da ƙafafunsa ya faɗi abin da ya faru yadda ya faru, ko mene ne. Ya ce to. Ta ƙi karɓar rakiya zuwa tasha. Bas za ta hau ta koma, haka ta ce, kuma ta faɗe shi ba tare da wata manufa ba.

Ya koma ɗaki, amma ya bar ƙofar a buɗe.

Juma'a, da rana

Ya tafi masallaci. Ya bi ta bayan gida don kada ya haɗu da mutane, ya dawo kafin a watse, amma ya je.

Asabar, 22 ga Nuwamba, bayan azahar

Na fito shanya da safe na same shi tsugune a bayan motar da tef ɗina a wuyansa. Ya auna daga gefe, ya auna daga fitila, ya daɗe yana kallon alamomin. Na yi kamar shanya ce ta dame ni.

Ya ce, "Awonki daidai ne, Mak. Salatif ɗin ne ya mutu, sai an sake."

Muka sake tare. Ya nuna min yadda ake ɓalle shimfiɗar da ke cikin murfin don a kai ga inda noti zai zauna, 'yan maɓallan roba suna tsalle ina bin su da tsintsiya. Ya ɗora ƙusa a kan kowace alama, na buga da guduma a hankali don bakin injin ya sami wurin zama. Sannan ya ce in karɓo injin.

Na ce a'a. Na ce Kawu Teoh ya san wani yaro a gareji, a kai can a huda, mu ɗaura a gida. Ya ce ba ya so a kai ta ko'ina. Hannunsa na dama ba ya riƙo, saboda haka ni zan huda, shi zai danne murfin.

Kawu Teoh ya kawo injin da kansa, ya kawo auduga, ya zauna a kujerar roba a bakin rumfa kamar alƙalin wasa. Hilmi ya cusa audugar a kunne, ya dafa murfin da hannun hagu, ya gyaɗa min kai. Na yi bisimilla.

Da ƙaramin baki aka fara. Ƙarar ta tashi, na ji ta har haƙorana, ina kallon injin da ido ɗaya ina kallon ɗana da ɗaya. Sai bakin ya faɗa ciki fuf, 'yan ɓarɓashin ƙarfe suka zubo. Hilmi ya saki murfin ya zagaya bayan gida. Muna jin yana amai. Na ajiye injin zan bi shi, Kawu Teoh ya ɗaga min hannunsa mai rawa, ya ce in ba shi minti ɗaya.

Ya dawo ya wanke fuska, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ya sake dafa murfin a daidai inda ya saki.

"Saura uku, Mak."

A na biyu ya rufe ido. A na uku ya buɗe. A na huɗu har yana ce min in miƙe hannuna, ina kwantar da injin kamar mai guga. Muka canja babban baki muka faɗaɗa su duka. Kawu Teoh ya sa aka shafa fentin hana tsatsa a bakin kowane huji da tsinken kunne, ya ce a garin da ruwa ba ya hutu, wanda ya tsallake wannan zai ga motarsa ta yi gyambo kafin azumi. Ya ce a bar shi ya bushe sai gobe.

Na share ɓarɓashin ƙarfen daga rumfa.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, da yamma

Mun ɗaura. Ƙusoshin fiffiken suka shiga hujin huɗu lokaci guda, babu turawa babu lallashi. Na ji daɗin da nake ji in hannun riga ya zauna a kafaɗa tun gwajin farko. Hilmi ya zagaye kowane huji da gam don kada ruwa ya shiga, na riƙe fiffiken daga sama, shi yana ɗaure noti daga ƙasa da hannun hagu, kaɗan nan kaɗan can, yana cewa in an matse da yawa robar za ta tsage.

Da muka rufe but ɗin muka ja baya mu uku muna kallo. Kawu Teoh ya ce yanzu kam motar ta zama budurwa, saura miji. Na ce ni dai har yanzu ban ga amfaninsa ba, sai dai in riƙa shanya tawul a kai. Hilmi ya ce in na kuskura zai kai ƙarata wurin Dalila. Bakinsa ya ɗan motsa ta gefe ɗaya.

Ya sa na shimfiɗa farin ƙyalle a cikin but, muka tura motar waje da hannu, shi bai shiga ba, ni na riƙe sitiyari ta taga. Ruwan la'asar ya sauka a kanta son ransa. Da ya ɗauke muka buɗe. Ƙyallen a bushe.

Talata, da safe

Rigar ta yi masa yawa a wuya. Na matsar da maɓalli.

Laraba, 26 ga Nuwamba, bayan magariba

Dalila ta iso da sassafe don ta tuƙa mu. Ta ga fiffiken ta kalle ni, ta kalli yayanta, ta ce wato ita kaɗai ce mai hankali a gidan nan. Hilmi ya daɗe tsaye a gefen motar da hannunsa a kan marfin ƙofa. Ba wanda ya ce ya yi sauri. Daga baya ya buɗe baya ya shiga, na shiga kusa da shi. Muka bi tsohuwar hanya ta cikin garuruwa.

A kotu ba a daɗe ba. An karanta abin da aka karanta, ya tsaya ya amsa da muryar da kowa ya ji, an ɗage zuwa watan Janairu saboda rahoton masu binciken bas ɗin bai fito ba. Lauya ya ce zai iya zama mai sauƙi, zai iya zama mai nauyi, kada ya yi mana alkawari. Akwai mutane da yawa a benci na baya waɗanda ban iya kallo ba. Vasugi na cikinsu. Wani saurayi ya faɗi wata magana da muka zo wucewa, ba zan rubuta ta ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Da muka fito Dalila ta sa sigina za ta koma tsohuwar hanya, sai Hilmi ya ce ta hau babbar hanya. Ta nemi idona a madubi. Na ce ta yi yadda ya ce.

Na gane wurin hatsarin tun kafin mu kai, don ya kama hannuna. Kwana ce mai gangara, an sa sabon ƙarfen gefen hanya yana ƙyalli a tsakanin tsofaffi, ciyawa ta fara rufe inda ƙasa ta kwaye. Bai kau da kai ba har muka wuce. Sannan ya fara ba ni labari, a hankali, tun daga tashar Ipoh, abin da ya tuna da abin da bai tuna ba. Dalila ta kashe rediyo. Abin da ya faɗa na wurina, ba na takarda ba ne.

Kafin mu shigo Taiping maganar ta ƙare, kansa ya gangaro kafaɗata, nauyinsa duka. Barci na gaske, har da buɗe baki. Da muka iso layinmu Dalila ta rage gudu a bakin get, ta juyo ta gan shi, sai ta wuce gidan ba ta tsaya ba. Ta kai mu lambun tafki ta riƙa zagayawa a hankali a ƙarƙashin manyan itatuwan nan masu sunkuyo da rassa cikin ruwa. Yayyafi ya fara. In na ɗan juya ido ina hango bakin fiffiken ta gilashin baya, ruwa na taruwa a kai yana zubewa.

Kafaɗata ta mutu, ƙafata ta mutu. Dalila ta yi min raɗa ko mu koma gida. Na ce ta ƙara zagaye ɗaya.